Kazar da Ta Riga Inna Tashi

Inna ta karye ne a bakin kasuwar Roumdé Adjia, inda take tuyar ƙosai tun kafin a haife ni. Wani ɗan moto, mai babur ɗin haya, ya kauce wa rami, ya kwashe ta. Kafin labari ya iso ni, Kawu, yayanta, ya riga ya kawo maɗori gida.

Dattijon ya san aikinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya shafa ƙwaurin, ya ja, ya jera kara ya ɗaure. Sannan ya sa aka kamo masa kaza, ya karya mata ƙafa ita ma, ya ɗora.

"Ranar da wannan ta taka, Hajiya ma ta taka," in ji shi.

Daga ranar gidanmu ya koma gidan kallon kaza. Masu zuwa dubiya sai sun leƙa akurki kafin su gaishe da mai jinya. Ni kuwa ƙafar Inna nake kallo, don ita ce jarinta. Kumburin ya ƙi saɓewa, kuma in na gyara mata kwanciya sai ta cije leɓe.

Ba a rufa wata ba kaza ta miƙe, har da tono. Aka yi ta barka. Kawu ya zo da sanda sabuwa fil ya ce, "To, bismilla, tashi." Inna ta miƙo mini hannu in ɗaga ta. Na ƙi.

"Ke 'yar nan, kin fi mai ɗorin sani ne?"

"Ban fi shi ba, Kawu. Amma kaza nama nawa take ɗauka? Dubi Inna. Ba za ta taka ba sai an ga ƙashin."

"Lopital?" in ji Kawu. "Asibitin can da suke yanke ƙafa?"

Tsoron Inna ke nan ita ma, na gani a idonta. Amma na fita na tsayar da mota. Kawu ya ce ba da yawunsa ba. Na ce na ji.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, wanda mu a Garuwa muke ce wa radiyo. Likita ta ɗaga shi a hasken taga ta nuna mana. Ashe ƙashi biyu ne a ƙwauri. Ƙaramin ya kama, maɗori ya dace da shi. Babban, mai ɗaukar nauyin jiki, bakunansa sun goce sun hau juna. Ta ce da Inna ta taka, ko ya sake ɓallewa, ko ya haɗe a karkace ƙafar ta gajarce.

"Za ku yanke?" in ji Inna.

"Mama, wa ya ce miki? Gyarawa za mu yi."

Aka sa ta barci, aka daidaita ƙashin, aka naɗe ƙafar da farin siminti har cinya. Lokacin zafi ne, kogin Binuwai ya janye sai rairayi. Inna ta yi ta sosa ciki da tsinken tsintsiya tana yi mini faɗa, ina ƙwacewa. Sau biyu na kama ta tana lallashin maƙwabta su kawo zarto a yanke simintin. Na kwaso shimfiɗata na tare a ɗakinta. Duk komawar da muka yi, hoton yakan nuna fari-fari yana cike tsagin, ni kuma in ce mata saura kaɗan.

Damina ta sauka kafin a cire. Ƙafar ta fito siririya tana saɓa, sai da Inna ta sake koyon tafiya tana dafa kafaɗata. Wata safiya ta ture hannuna, ta ratsa tsakar gida ita kaɗai, a miƙe, ta nufi kaskon tuyarta. Sai ga kazar nan ta gitta ta gabanta. Inna ta tsaya ta ƙura mata ido. Duk barkar da aka sha, babu wanda ya lura da yadda take jefa ƙafar a karkace.

"Ashe ɗingishi take yi," in ji Inna a hankali. Ta juyo ta dube ni. "Ɗauko mini wake in jiƙa."