Sunan da kakata ba ta faɗa ba

'Yata ce ta tayar da maganar, shekarar da muka koma unguwar Ka'akiyya, nan ƙasa mai tsarki. Malamar makaranta ce, Larabci ya fi zama a bakinta. Ta zo da doguwar takarda ta zana bishiyar dangi, wai abokan aikinta kowa ya san kakansa na bakwai. Muna ta hawa lafiya lau, sai a kan mahaifin babana muka tsaya cik.

Sunan da ke takardunmu ba nasa ba ne, na mijin kakata na biyu ne, wanda ya riƙe babana. Na farkon a hanya ya rasu. Sun baro gida ne da Turawa suka ci ƙasarsu, suka yo gabas a ƙafa, su yi damina ɗaya nan, biyu can. Zazzaɓi ya ɗauke shi tun ba su ga teku ba, kakata na da ciki.

Shekara ashirin ɗakinmu ɗaya da tsohuwar nan. Na san kakan nawa marini ne, hannunsa baƙi har gwiwa. Na san yana ɗingishi, ba ya son yaji a miya. Amma sunansa, ko da wasa. Mace ba ta kama sunan mijinta na fari. "Mutumin nan" take cewa, ta sunkuyar da kai kamar yana bakin ƙofa. Babana ya ji nauyin tambayarta, ni kuwa lokacin lalle da kitso ne a gabana.

Sunan garin dai na riƙe. Ina tuƙa wa alhazai tuwo a Mina, sai na riƙa cigiyar mutanen can, har na samu wata tsohuwa. Na zayyana mata komai. Ta ce marinan garinsu a da ba su ƙirguwa, ɗan wane gida ne? Na ce abin da na zo nema ke nan. Sai ta ce ita ma nata mijin ya shekara talatin a ƙasa, har yau bakinta bai iya ba.

Da na dawo, 'yata ta ce a sa sunan na biyun mana, a rufe gurbin.

"A'a, uwata," na ce, "wurin mai shi ne. Bar masa kayansa."

In ina yi masa addu'a yanzu, cewa nake: Allah, marinin nan mai ɗingishi, Kai dai Ka san sunansa.