Jirgin da ya kai kakana yaƙin Bama

Shekarun baya, ina sabon zuwa Jidda aikin gyaran injina a Madinar Masana'antu, abokina ya kai ni unguwar Madain Fahd gaida mahaifinsa. Dattijon haifaffen nan ne, iyayensa ne suka zo hajji a ƙafa daga ƙasarmu suka zauna. Duk ƙuruciyarsa a tashar jiragen ruwa ya yi ta, yana dakon kayan alhazai.

Muna shan shayi ya ce, "Ya waladi, ɗana, da a babur alhazai ke zuwa, dubu a ciki."

Na gyara zama na fara yi masa bayanin cewa babur mutum biyu yake ɗauka, in an matsa uku. Abokina ya kusa ƙwarewa da shayi. Ashe tsofaffin Hijaz jirgin ruwa suke kira babur.

Dattijon bai kula ni ba, ya ci gaba. Ya ce akwai wani farin jirgi da ya fi so. Attajiran Turawa aka ƙera wa shi, da yaƙin duniya ya tashi aka yi masa fenti ruwan toka yana kwasar sojoji, bayan yaƙi aka sayar da shi ya koma jigilar alhazai. Ya ce, "Ɗakin rawarsu shi aka mayar masallaci. Matakalarsa da kan kifi na katako, dama da hagu."

Na ajiye kofina. Kakana tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama lokacin yaƙin duniya. Tun tasowarmu yake ba mu labarin jirgi mai ɗakin rawa da matakala mai kan kifi, inda aka jera musu gadaje hawa huɗu. Mu kuwa jikoki dariya muke masa, ni ne ma kan gaba, saboda na yi boko.

Na ce, "Baba, ka tabbata kifi ne?"

"Da hannuna na sha dafa shi, buhu a kaina. Halas, shi ke nan, sha shayinka."

Washegari bayan Juma'a na buga waya gida, aka kai wa kakana har shimfiɗa, don a lokacin ba ya iya tashi. Na zayyana masa komai, na ce, "Kaka, ka yafe mana, ashe gaskiya kake faɗa." Na zaci zai yi mini gori. Sai kawai ya tambaye ni:

"Ka ce masallaci suka mayar da ɗakin?"

"Haka ya ce."

"Alhamdu lillahi. A nan zazzaɓi ya kashe aminina. A nan muka yi masa salla a tsaitsaye, mu shida, kafin a saka shi a teku."

Wannan bai taɓa gaya wa kowa ba, ko kakata.

Ba ni da takardar da ta ce jirgin ɗaya ne, dattijon ma ya ce an daɗe da yanyanka shi aka sayar da ƙarfen. Amma ni ban taɓa shakka ba. Kakana ya rasu da azumin waccan shekarar. Yanzu in tsoho ya fara labari, wayata nake kifawa in matso kusa. Abin da ke damuna har yau ɗaya ne: ban tambaye shi sunan aminin nasa ba. In na shiga Harami, sai dai in ce Allah ya jiƙan abokin kakana.