Ranar da Kulocin A-kori-kurar Baba Ya Saki

Duk sanda hayaƙin gas na janareton maƙwabta ya bugi hancina, sai in gyara zama in shaida wa yarana cewa kaf Fagge ba a taɓa yin gwanin kuloci kamata ba. Kai ma mai karatu ka rubuta ka ajiye: ni na tayar da a-kori-kurar Baba.

Motar nan damina guda cur ta yi a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, tun da Baba ya karye a ƙafa. Kaji suka mai da ƙarƙashinta akurki, ciyawa ta tsiro a bayanta har akuyar Inna ta yi kumatu. Ana nan sai ga bikin yayata. Baba kuwa ya riga ya faɗa a gaban dangi cewa kayan jeren 'yarsa ta fari a motarsa za su tafi Rijiyar Lemo, ba a ta haya ba.

Da safiyar ranar jere aka sa batir, inji ya tashi, unguwa ta turnuƙe. Kawu ya taka kuloci ya nemi giya, sai ƙurrr, kamar ana niƙa tsakuwa. Mata na tsakar gida sun ɗaure kwanuka da katifa suna jira. Baba ya dogara sandarsa yana kallo. Ban taɓa ganin fuskarsa ta ɓaci haka ba.

Aka aika Sabon Gari aka kira amininsa, wani dattijon makanike Ibo wanda Hausarsa ta fi tawa. Ya taka, ya saurara, ya yi dariya.

"Alhaji, tsatsa ce ta manne faifan kulocin. Ba sai an kwance komai ba, fizga take so."

Ya bar injin ya yi zafi, ya kashe, ya sa giya, sannan ya murza makulli ƙafarsa na kan kuloci. Mota ta zabura. Ya ba ta wuta, ya danna birki, amma bayanta fayau, tayoyin sai sulɓi suke a taɓo.

"Oga, yaya ke nan?" in ji Baba.

"Kaya nake so a baya. Mai nauyi, wanda ba ya fashewa."

Duk idanu suka dawo kaina. Lokacin nan ni lukuti ne, malmalar tuwo uku ce buɗe-bakina. Aka cicciɓe ni aka ɗora, aka haɗa ni da turmi da dutsen niƙa.

Jama'a, na leƙa lahira na dawo. Wuta, birki, wuta, birki! Mai shayin lungunmu ya ruga da butarsa. Turmi ya bi ni, ni na bi dutse. Na yi salati, na yafe wa duk wanda ya taɓa cin namana. Muna dab da bakin titi sai ji kake ƙwas! Inji ya yi kuka shi kaɗai, mota ta gangara a hankali ta tsaya. Kuloci ya saki.

Baba ya ɗingiso, ya shafa ƙeyar motar, ya ce alhamdu lillahi a hankali. Guɗa ta ɓarke a cikin gida. Kafin la'asar gado da kwanuka sun isa Rijiyar Lemo, Baba na gidan gaba yana ɗaga wa mutane hannu.

Yau an sare darbejiyar, shagon atamfa ne a wurin. Motocin yaran yanzu ma abin takawa biyu kacal gare su, birki da totur, ba su san kuloci ba, shi ya sa nake ba su tarihi. Ran sallar nan ina cikin ba jikokin yayata labarin, sai ta ajiye kwanon nama a gabana ta ce:

"Kai dai ka ji tsoron Allah. Buhun gero ma zai yi aikin da ka yi, kuma shi ba zai yi ta ihun kiran Inna ba."