Ƙarƙashin Motar Kawu

Muna idar da sallar asuba muka bar Paris, ni da maiɗakina, wata Asabar cikin Janairu, sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Lyon muka nufa, wurin Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi ritaya ya ce Faransa ta ishe shi haka, zai koma Maradi gaba ɗaya. Abu guda ya rantse ba zai bari ba, motarsa. Shekara goma sha huɗu tana hannunsa, kuma babu wanda bai gaya wa ba cewa a cikinta zai shiga unguwarsu, shi da kansa riƙe da sitiyari. Ni aka ɗora wa aikin raka shi gareji a duba lafiyarta kafin a saka ta jirgin ruwa.

Sai na faɗi nawa laifin tun yanzu. Kwana uku kafin tafiyar, bakaniken da ke canza mini mai ya ce in bari ya fesa wa ƙarƙashin motata wani abu mai kauri kamar kakin zuma, wai yana kare ƙarfe daga gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara. Na yi masa murmushi na ce wani jiƙon. Ni da nake sayar da waya a unguwar Barbès ta Paris, na fi kowa sanin yadda ake haɗa wa mutum abin da bai zo saye ba.

Hanya lafiya lau har muka wuce Auxerre. Daga nan gari ya yi fari fat, muka tarar da wata babbar mota mai fitila ruwan lemo tana tafe tana watsa gishiri kamar mai shukar yafi. Kowace motar kaya ta wuce sai ta fesa mana ruwan titi, gilashi ya bushe ya yi fari, sai na yi ta wankewa. Maiɗakina ta ce gishirin da muka taka yau ya isa miyar Maradi ta shekara. Mun tsaya a wani wurin hutawa, na duba kuɗin kofi da burodinsu, na dawo mota salin alin. Allah ya yi wa wanda ya ƙirƙiro dambun nama albarka, da shi da shayin fulas muka karya. Kuɗin hanya kuwa a ƙofar biya ba a neman ragi, inji ne, ba ya jin magiya.

Da azahar muka shiga Lyon, bayan mun sha cunkoso cikin wani dogon rami da hanya ta ratsa ƙarƙashin dutse a bakin gari. Mun biya ta unguwar Guillotière muka sayo wa Kawu goro da dabino, sannan muka hau zuwa Minguettes, unguwar dogayen benaye. Matarsa ta tarbe mu da tuwo miyar kuka da man shanu, na ci har na ji kunya. Aka yi gaisuwa, aka tambayi kowa har da waɗanda na manta suna raye.

Kafin la'asar Kawu ya ja ni ƙasa in ga amaryarsa, haka yake kiran motar. Tana lulluɓe da tampol an ɗaure da igiya ta kowace kusurwa, yadda ake yi a gida saboda rana da ƙura. Ya yaye a hankali. Gaskiya na yaba, fenti na ƙyalli, kujeru har yanzu da ledarsu. Kowace Juma'a yake goge ta da tsumma. Shekarun da ya yi yana aikin shara a wani otal can wajen duwatsu, da ita yake hawa cikin ƙanƙara, yana dawowa kuma ya lulluɓe ta nan take, jiƙe sharkaf, don kada sanyi ya cuce ta.

Ranar Litinin muka kai ta wurin wani mutumin Tahoua da ya daɗe yana gyaran mota a Vénissieux. Ya ɗaga ta sama da inji, ya kunna fitila, ya haska ƙarƙashinta. Na leƙa. Ƙarƙashin nan ja wur, yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Ya sa sukundireba ya danna gefen ƙofa, ta shige kamar cikin burodi, garin tsatsa ya zubo a kan hular Kawu.

"Alhaji, mi kake ruhe ta da shi?" in ji shi.

Kawu ya ce tampol, mai kyau ma.

"To shi ya riƙe mata damshi da gishiri. Can gida rana ka cin mota daga bisa. Nan gishiri na, daga ƙasa yake ci."

Kawu ya cire hular yana kaɗewa, tausayinsa ya kama ni sosai. Mutumin nan bai gina bene ba, bai tara dukiya ba, wannan motar ce shaidarsa cewa bai yi zaman banza a Turai ba. Bakaniken ya ɗauki guduma ya bi manyan ƙarafunan da ke ɗauke da motar yana ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya, mu kuma muna sauraro kamar masu jiran likita. Can ya ce ƙashin bayanta na nan da ƙwari. Zai yanke inda ya ruɓe, ya yi walda, ya canza bututun birki. Da ta ƙara sanyi ɗaya a haka, sai bola.

Kawu ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Shekara sha huɗu ina wanke mata huska, ban taɓa duƙawa na dubi ƙahwarta ba."

Na ja bakaniken gefe na tambaye shi batun feshin nan, ko wayo ne. Ya ce in mutum zai sayar da mota nan da shekara biyu, ya dinga wanke ƙarƙashinta da ruwa mai ƙarfi lokacin sanyi, ya isa. In kuwa zai zauna da ita, yana bin hanyoyin gishiri, to feshin ya ci kuɗinsa, amma sai an yi shi a kan ƙarfe mai lafiya, busasshe. Fesawa a kan tsatsa ɓarnar kuɗi ce kawai.

Talata muka juyo. Rana ta fito, titi ya bushe, maiɗakina ta yi barcinta har muka kusa Paris. Muna isa ban ko sauke kaya ba, na shimfiɗa kwali na durƙusa da fitilar waya ina leƙen ƙarƙashin motata. Akwai 'yan ɗigo-ɗigo ja, ba su yi nisa ba. Maiɗakina ta tsaya a kaina ta ce, "A'a, ba kai ne ka san wayon 'yan kasuwa ba?" Washegari na kai motar a kankare tsatsar a yi mata feshin.

Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, kulawar da muka iya daga gida ba kowane gari take aiki ba, sai mutum ya tambayi abin da ke cin ƙarfe a inda yake zaune. Da na kira Kawu in gaya masa mun sauka lafiya, na ce masa tunda haka ne sai a yar da tampol ɗin. Ya ce a'a, ya riga ya naɗe shi ya sa cikin but ɗin motar, tare za su tafi.

"Ba shi da laihi," in ji shi. "Garin ne ba nashi ba."