Albashin Jannatu

Jannatu Ishaq 'yar unguwar Nima ce a birnin Accra, gaba da baya. A nan aka haife ta, a wani gida mai ɗakuna jere, inda kakanta ya sauka bayan ya ajiye kakin ɗan sanda tun zamanin Turawa. Ta yi boko har sakandare, kuma tun tana budurwa ta samu aiki a wata maɗaba'a da ke Adabraka, wurin da ake buga katin biki da kalandar masallatai da littattafan rubutu na 'yan makaranta. Aikinta ninke takarda ne, da ɗinke ta, da shafa gam a gindin littafi. Wanda ya gaisa da ita yakan ji kaushin tafin hannunta, kamar na mai daka.

A layinsu kusan kowace mace sana'ar hannu take yi, wannan koko, waccan atamfa, don haka ana ganin Jannatu da ɗan kwarjini, ana ce mata mai albashi. Ƙarshen kowane wata, kafin kuɗin su iso hannunta, an riga an cire haraji, an cire na fansho. Wannan bai taɓa damunta ba a zamanin mijinta Muftahu. Tela ne, yana da shago a Zongo Lane, yana ɗinka kaftani da jallabiya. Ba su taɓa zama sun tsara ba, amma abin ya tsaru da kansa: albashinta na haya ne da hidimar makaranta, abin da ya shigo da shi kullum kuma na cefane. Idan Sallah ta gabato, ɗinki ya yi yawa, har akan samu rarar da za a aika wa dangi. 'Ya'yansu biyu, Ni'imatullahi, wadda ake kira Ni'ima, da ƙanenta Abdul-Majeed. Ba masu kuɗi ba ne, amma ba a taɓa jin sun kwana da tunanin abin da za a ɗora gobe ba.

Wata rana da hantsi Muftahu ya yanke jiki ya faɗi a kan keken ɗinkinsa. Hawan jini ne, wanda ya daɗe yana ɓoyewa. Makwabtan shago suka kai shi asibiti, bai yi mako ba Allah ya karɓi abinsa.

Mai maɗaba'ar ya yi mata halacci, ya riƙe mata gurbinta har ta gama takaba. Mahaifiyarta, Mma Azara, da ta zo taya ta zama, ba ta koma ba, domin ciwon sukari ya fara taɓa mata ido, kuma babu mai kula da ita a inda take. Da Jannatu ta koma bakin aiki sai ta tarar komai yana nan yadda ta bar shi. Teburinta na nan, albashinta na nan, abin da ake cirewa ma bai ƙaru ba bai ragu ba. Gidan ne ya canza. Da hannu biyu ne ke ciyar da baki huɗu, yanzu hannu ɗaya ne, bakunan kuma huɗu ne har yanzu, ɗaya daga ciki yana bukatar magani kullum.

Teburi ɗaya suke aiki da wani saurayi mai suna Awal. Albashinsu ɗaya, abin da ake cire musu ɗaya. Shi yana zaune a gidan mahaifinsa, ba haya, ba mata, ba ɗa. A shekarar nan ya sayi babur, kuma da rana yakan aika a kawo masa soyayyiyar shinkafa da cinyar kaza. Yaro ne mai kirki, ba ya ci sai ya yi mata tayi, ita kuma takan ce ta ƙoshi. Ba hassada take masa ba. Mamaki kawai take yi, yadda kuɗi iri ɗaya ke zama yalwa a aljihun wani, su zama ƙunci a ɗankwalin wata.

Ta taɓa tarar akantan maɗaba'ar ta tambaye shi ko ana la'akari da yawan waɗanda mutum ke ciyarwa. Ya ce akwai rangwamen haraji ga mai 'ya'ya a makaranta da mai riƙon tsoho, sai dai mutum ya nema. Ya taimaka mata ta nema, kuma ta samu. Ta yi masa godiya ƙwarai, don abin ya rage wani abu, amma ramin ya fi ƙarfinsa.

Sai ta shiga ragewa. Nama ya fara barin miya, ƙananan busassun kifi suka maye gurbinsa. Tukunyar gas ta ƙare, aka jingine ta bayan ƙofa aka koma gawayi. Idan ta tashi aiki, takan taka rabin hanya a ƙasa kafin ta hau tro-tro, wato ƙaramar motar haya, ta ce wa abokan aiki likita ne ya ce ta riƙa motsa jiki. Maganin Mma Azara kuwa ta daina sayen na wata, sai na 'yan kwanaki, idan ya ƙare a sake lalube. Ta sayar da ɗaya daga cikin kekunan Muftahu, ɗayan ta kasa rabuwa da shi, ta lulluɓe shi da zane a lungun ɗaki. Haka ta yi ta lallaɓawa har shekara ta zagayo, babu wanda ya ji ta bakinta.

Haya ce ta karya mata gwiwa. Kuɗin hayar da suka biya gaba tare da Muftahu ya ƙare, mai gidan ya kira ta, ya yi mata magana a mutunce. Ya ce komai ya yi tsada, rufin gida na yoyo, dole ya ƙara kuɗi, kuma na shekara biyu yake so a dunƙule kamar yadda aka saba. Ya ba ta lokaci ta yi shawara. Jannatu ta juya abin ta kowace fuska, ta ga ko za ta daina ci gaba ɗaya ba za ta haɗa ba.

Dabarar da ta zo mata mai ɗaci ce. Yaran su tafi Kumasi wurin wani kawunsu, Mma Azara ta koma wurin ɗanta a Ashaiman, ita kuma ta kama ɗan ɗakin katako ta zauna ita kaɗai har Allah ya kawo sauƙi. Ni'ima na ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare a lokacin, jarrabawa na tafe, kuma uwar ta san canjin makaranta zai dagula mata karatu. Duk da haka ta buga wa kawun waya, ya ce a kawo su.

Daga Kumasi maganar ta dawo Accra, ta faɗa kunnen Ƙaltume, yayar Muftahu. Ƙaltume mai waakye ce a Maamobi, wato shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi, kuma layin masu saye a gaban teburinta yakan kai bakin titi. Aurenta ya mutu tun da daɗewa. Ɗanta ɗaya, Tawfiq, ya samu aiki a Tamale ya tafi, ya bar ta ita kaɗai a ɗaki biyu da falo na gidan mahaifinsu ita da Muftahu. Tsakaninta da Jannatu akwai gaisuwa da girmamawa, amma babu sakewa. Ƙaltume ba ta tauna magana. Ita ce ta taɓa ɗanɗana miyar Jannatu tana amarya, ta ce miyar 'yan ofis ce, kuma Jannatu ba ta manta ba.

Da rana tsaka Ƙaltume ta iso maɗaba'ar, da mayafinta mai ƙanshin hayaƙi, tana ɗingisa ƙafa. Ba ta yarda ta zauna ba. Ta ja Jannatu waje, gefen wata mai gasa ayaba.

"Na ji za ki rarraba 'ya'yan ƙanena kamar naman layya, ni ina raye," in ji ta.

Jannatu ta sunkuyar da kai, ta ce ba da son ranta ba ne, kuma ba ta so ta ɗora wa kowa nauyi.

"Wane nauyi? Ni ce ke neman taimako, ba ke ba. Gwiwata ta gama aiki. Mitar wuta ni kaɗai, ruwa ni kaɗai, in na faɗi a ɗaki sai dai wari ya sanar da makwabta. Ɗakin Tawfiq na nan a rufe, kuma yaran nan suna da haƙƙin ubansu a gidan. Ki riƙe wuta da ruwa da makaranta, ni in riƙe tukunya. Ba sadaka ba ce, kar ki yi min kuka a titi."

"Anti, ki bar ni in yi shawara da Mma."

"Na riga na biya ta wurinta. Ta fara ɗaure kaya."

Jannatu ta yi dariya, hawaye na zuba, mai gasa ayaba tana kallonsu.

Kafin wa'adin mai gida ya cika suka tare a Maamobi. Ba a ce zaman ya zo da sauƙi ba. Ƙaltume na tashi tun kafin kiran sallah, tana buga tukwane kamar gidan babu mai barci. Barkononta ya fi ƙarfin cikin Abdul-Majeed, aka yi ta ja-in-ja kafin ta yarda a riƙa ɗibar masa kafin a zuba. Ta ce Jannatu na sangarta yara, Jannatu ta haɗiye, wata rana kuma ta kasa haɗiyewa, suka yini ba su yi wa juna magana ba. Mma Azara ce ta shirya su, ta ce ita ba za ta ci abincin gidan da ake gaba ba, ga shi kuma likita ya hana ta zama da yunwa.

Tsohuwar ma ta samu abin yi. Ko da idonta ya raunana, yatsunta na gane tsakuwa a cikin wake, don haka takan zauna a tabarma da faranti tana tsincewa, ita da Ƙaltume suna musu a kan wa'azin da za a kama a rediyo. Ranar Asabar Jannatu kan tsaya a teburin waakye ta karɓi kuɗi, Ƙaltume ta miƙe ƙafa a benci tana ba da umarni. Abin da ya rage a tukunya shi ne abincin rana, yara kuma suna tafiya makaranta da shi a kwano.

Wata na biyu da tarewarsu, albashi ya shigo alhali na baya bai ƙare ba. Jannatu ta ɗauka ta manta da wani abu ne. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya a ranta, wuta, ruwa, kuɗin darasin Ni'ima, duk an biya. Ranar ta shiga kantin magani ta ce a ba ta na wata guda cur. Mai kantin, da ya saba yanka mata rabin katin ƙwayoyi, ya ɗago ya dube ta, ta ce masa eh, na wata. Ita ma Ƙaltume ta ce tun da suka zo kuɗinta ya fara zama, don ta daina biyan masu taya ta aikin da 'yan gida ke yi yanzu.

Ni'ima ta yi jarrabawarta a makarantar da ta saba, sakamako ya fito da kyau, aka tura ta makarantar kwana a jihar Volta. Su uku suka tafi kasuwar Makola sayen kaya, akwatin ƙarfe, akwatin katako na abinci, bokiti, katifa. Ƙaltume ta kafe sai baƙin akwati, wai ba ya nuna datti, Ni'ima ta kafe sai shuɗi. Mai akwatin ya rasa wadda zai bi. Jannatu ta bar su suna yi, ta samu inuwa a bakin wani shago, ta kira mai zoɓo ta sayi mai sanyi. Tana cikin sha Ni'ima ta zo da gudu tana cewa Anti ta yarda da shuɗin, amma ta ce sai an rage kuɗi, mai akwatin kuma ya rantse ba zai rage ba.

Jannatu ta ce ta koma ta tsaya kusa da su, zai rage. Ta gyara zama, ta ce wa mai zoɓon ta ƙaro biyu.