Mai Daɓen Katako a Layin Itace

A kasuwar Bici, layin masu itace, wani dattijo yana tsugune gaban katakai masu sheƙi, irin na daɓen ɗakin masu hali. Gwiwoyin wandonsa duk faci ne, ga fensir maƙale a kunne. Ina jin ya daɗe yana shimfiɗa su a gidajen birni kafin aiki ya ɗauke. Yana goge kowanne da gefen rigarsa.

Wata mata ta saya.

Ya ce, "Hajiya, kada ruwa ya kwana a kai, kumbura yake."

Ta ce, "Baba, tuwo zan tuƙa da shi."

Ya ce, "To, ki hura a fili. Akwai gam a ciki, hayaƙinsa ba kyau."

Sai da ya goge na ƙarshen tas, sannan ya miƙa mata.