Mai Fito da Komawar Baffa Ishaya

A Sabon Gari na tashi, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere, mu da Yarbawa da Ibo da wani tela Banufe. Mu Kiristoci ne 'yan ƙasar Zazzau. Aikin jirgin ƙasa ya kawo babanmu Kano, shi kuma ya ɗauko mahaifiyarsa, Kaka Saratu, da ƙanensa, Baffa Ishaya. Murhun Kaka yana can ƙuryar tsakar gida, gindin wata gwanda. In an ci tuwo an wanke kwanuka ba ta kashe wutar, sai ta tura masara cikin garwashi. Ƙamshin nan shi ke tara mu, har da 'ya'yan maƙwabta waɗanda Hausarsu ta fi ta iyayensu. Sai kowa ya natsu sannan ta ce, "To, ga wata ta iso bakin ƙofa. A shigo da ita?" Mu ce a shigo da ita.

Baffa Ishaya shi ne abin alfaharin gidan. Ya yi karatu a wata 'yar kwalejin horar da malamai ta mishan, a wani ƙauye kudu da Zariya, ya fito ya sami aikin akawu a wani kamfanin sayen gyaɗa da fatu a Fagge. Alhazan da ke kawo kaya suna kiransa Malam Ishaya, suna yabonsa don ba ya wasa da sikeli. Ranar Asabar yakan ɗora ni a kekensa mu zaga ta wajen kantin Bata, ya saya mini alewa.

Wata damina, a tsakiyar shekarun 1950, wani dattijo ya sauka gidanmu daga jirgin Zariya. Malam Dauda ne, malamin da ya koyar da Baffa. Ya ce Baturen da ke riƙe da kwalejin zai koma ƙasarsu saboda ciwon matarsa, ba a kuma sami wanda zai maye gurbinsa ba. Shi kansa yanar ido ta fara rufe masa gani, da ƙyar yake ganin abin da ya rubuta a allo. In ba a sami malamai kafin sabuwar shekara ba, za a sallami ɗalibai a rufe makarantar. Shi ya sa ya zo neman tsofaffin ɗalibansa da ke Kano, wasu a asibiti, wasu a gidan waya. Duk inda ya je sai a durƙusa masa, a cika shi da abinci, sannan a ba shi haƙuri. Ban ga laifinsu ba, kowa da iyali a wuyansa, albashin can kuwa bai kama ƙafar na birni ba. Baffa ne kaɗai ya ce zai je.

Babanmu ba mai hayaniya ba ne, amma ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce ga manaja ya yi wa Ishaya alkawarin ƙarin girma, ga ana shirin nema masa aure. Abin da ya fi ci masa rai kuwa shi ne Kaka. Ta tsufa, Ishaya ne autanta, shi ke kawo mata goro daga Fagge kullum da yamma, shi ke shafa mata man zafi a gwiwa. Har ta kai wa da ƙane suka daina cin abinci a kwano ɗaya. 

Wata yamma Baffa ya raka Malam Dauda gaishe-gaishe, Baba yana zaune bakin ƙofa yana goge ƙwan fitila. Kaka ta tara mu kamar kullum, ta ba Baba baya, sai dai ranar ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce an yi wani ƙauye a bakin wani babban kogi, a ƙetare kuwa akwai birni mai babbar kasuwa. Tsoho ɗaya ne mai fito a ƙauyen, shi ke ƙetarar da mutane da hatsinsu da awakinsu. Duk yaron da ya raɓe shi sai ya koya masa tuƙi da iyo da sanin halin ruwa. Amma duk wanda ya ƙware, da ya taka wancan gaci ya ga birni, sai ya zauna. A cikinsu akwai Tanko, wanda ya zama na hannun daman sarkin kasuwa, yana sa riga a kan riga. Wata ranar kasuwa Tanko ya duba rumfar da 'yan ƙauyensu ke zama, ya gan ta wayam. Wani sati ma haka. Da ya tambaya, aka ce masa hannun tsoho ya shanye, an ja jirgin an kife a tudu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Tanko ya tuɓe rigunansa ya ajiye wa sarkin kasuwa, ya faɗa ruwa ya yi iyo zuwa gida. Ya birkice jirgin, ya toshe inda ya tsage, ya zaunar da tsoho a gaba yana nuna masa hanya da baki, shi yana tuƙi.

Nan Kaka ta ce tatsuniya ta fita ta inda ta shigo. Muka ƙi yarda. Ngozi 'yar maƙwabtanmu ta tambaya ko Tanko ya tsinci zinariya a kogin, ni na ce ko dai sarki ya ba shi 'yarsa.

"Kanta ya samu a tafin hannu," in ji Kaka. "Mutanen garinsu kuma suka ci kasuwa. Ku ci masararku."

Sai muka ji muryar Baba daga bakin ƙofa, a hankali: "Inna, ke fa nake jiye wa."

Ba ta waiwaya ba. "Yohanna, da ƙafata na kai yaron nan makarantar nan, lokacin ubanku ya rasu ba mu da kowa. Da mun tarar da ita a rufe fa?"

Ranar tafiya Baba da kansa ya ɗaure akwatin Baffa ya kai shi tasha. Kaka ta ce gwiwa ba za ta bar ta zuwa ba. Daga nan ba ta ƙara zancen ba, sai dai na lura da yamma in ta ji ƙararrawar keke a waje, takan dakata da abin da take yi. Da shekara ta kewayo, biyu daga cikin waɗanda suka ba Malam Dauda haƙuri suka ajiye aikinsu suka bi Baffa. Ba a rufe kwalejin ba. Kaka ta rasu bayan 'yan shekaru, cikin marka. Ruwa ya cinye layin dogo, Baffa bai iso ba sai bayan an binne ta. Baba ya tarye shi a ƙofar gida ya rungume shi, bai kuma taɓa yi masa gori ba.

Da na girma ni ma na shiga kwalejin, lokacin da ta fara ɗaukar 'yan mata. Na tarar kusan duk malaman tsofaffin ɗalibanta ne. Su ke jan waƙa a sujadar safe, su ke shiga aji, da la'asar kuma su kama fartanya tare da mu a gonar makaranta. Baffa ya san tagar da ke shigo da feshin ruwa, ya san yadda kewar gida ke kama sabon ɗalibi, don shi ma a wannan bencin ya zauna. Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar Kaka a matsayin yabon mai komawa kawai. Sai da na haifi nawa na gane kafin mutum ya koma wani wuri, akwai wanda ya daure ya sake shi.

Bayan ya yi ritaya na kai masa ziyara. Muna zaune a barandarsa hira ta kai mu kan Kaka, ashe bai taɓa jin tatsuniyar ba, babu wanda ya gaya masa. Na ba shi ita daga farko har ƙarshe, yana saurare da ido a rufe. Da na gama ya ce, "To, uwar Tanko fa? A birnin ya bar ta?"

Na ce Kaka ba ta ambace ta ba.

 Ya gyaɗa kai ya ce, "Ai ba za ta sa ta a ciki ba."